Asibitin Saye: Daga Zangon Kutare Zuwa Makarantar Ƙasa

 Yau tarihin wani asibiti za mu taɓo, wanda kusan duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara, Makarfi ko Kudan ya taɓa jin sunansa, amma ba kowa ke son a ambace shi a kan ɗan gidansu ba. Asibitin Saye nake nufi, wanda ke gefen Zariya. In aka ce an kai wane Shika, sai a ce Allah ya ba shi lafiya, a sa ranar zuwa dubiya. In kuwa aka ce an kai shi Saye, sai wurin ya yi tsit, sai an koma gefe sannan a tambaya a hankali: tari ne, ko ɗaya ciwon? To ɗaya ciwon nan, wato kuturta, shi ne asalin wurin. Tarin daga baya ya shigo.

Kafin mu shiga, kalmar kuturu za ta fito da yawa a bakina, saboda da ita aka san tarihin. Masu lalurar da yawa ba sa son a kira su da ita, kuma suna da gaskiya. A yi mini uzuri.

Bari mu fara da yadda Bahaushe ya ɗauki ciwon tun kafin zuwan Bature. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, a ƙasar Hausa ba a saba korar kuturu daji ba kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe. Yana cikin gari, yana zuwa kasuwa, yana aure, yana haihuwa. Har sarauta gare su, akwai Sarkin Kutare a manyan garuruwa, kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, shi ke sasanta rigimarsu, shi ke magana da yawunsu a fada. Kun san karin maganar nan, kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Ka ga ai mutumin da ake wa wannan kirarin ba a ɓoye yake ba, yana tsakiyar kasuwa, hannunsa cikin kwanon mai talla. Amma kada wannan ya sa mu ce ba a ƙyamarsu. Ana ƙyama sosai, musamman in maganar aure ta taso. Kuma sana'ar da al'umma ta bar musu a buɗe ita ce bara. Game da dalilin ciwon kuwa, kowa da abin da ya ji: wasu su ce gado ne, wasu su ce cin kifi da nono, wasu su ce wanda ya yi rantsuwar ƙarya da Alƙur'ani ne ta kama shi. Wannan na ƙarshen ya fi ciwo, don ya mai da marar lafiya mai laifi.

Alhali ƙwayar cuta ce kawai. Wani likita ɗan ƙasar Norway mai suna Hansen ya gano ta a 1873, kuma 'yar uwar ƙwayar tarin fuka ce, ku riƙe wannan don za mu dawo kansa. Tana fita ta hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an daɗe ana zaune tare. Mafi yawan mutane, kusan 95 cikin 100, jikinsu yana kashe ta ba tare da sun sani ba. Wanda ta kama kuwa, tana iya yin shekara 5 kafin ta nuna, wani har 20.

Turawan mulki sun tarar da ciwon ya yi yawa a Arewa, amma ba su da likitocin da za su tsaya a kansa, ba kuma su da niyyar kashe kuɗi. A 1924 aka kafa wata ƙungiya a Ingila da ake ce wa BELRA don yaƙi da kuturta a ƙasashen da Ingila ke mulka, ita ta riƙa tura gwamnatoci da 'yan mishan su buɗe zangon kutare. A Kudu aka buɗe Itu a 1928, da Uzuakoli a 1932. A Arewa maso gabas aka buɗe Garkida a 1929. Amma a manyan masarautun Musulmi abin ya tsaya cak na ɗan lokaci, saboda tun zamanin Lugga an taƙaita wa 'yan mishan shiga. Sai a 1937 aka cimma matsaya, mishan ɗin SIM suka karɓi aikin kutare a Kano da Katsina da Sakkwato, En'e na ba da fili da kuɗi, su kuma suna kawo likita da nas. Daga nan ne aka samu Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Ku dubi sunan nan Yadakunya. Ya da kunya. Wanda ya raɗa shi ya san abin da ke hana mutane fitowa neman magani.

A nan Zazzau kuwa, aikin ya faɗa hannun mishan ɗin CMS, mutanen Likita Mila, waɗanda suka zauna cikin birnin Zariya tun 1905 kafin su koma Wusasa a 1929. Sarakuna ba su shiga wannan yarjejeniya ido rufe ba. Damuwarsu a fili take: mutum ya zo neman magani, zai yi shekaru a hannun masu wa'azin wani addini, ga yara a ciki. An yi ta ja-in-ja a kan batun masallaci a cikin zango, da abin da za a koya wa 'ya'yan Musulmi. Wasu marasa lafiyar sun canza addini, mafi yawa ba su canza ba. Ni a ganina ɓangarorin biyu kowa ya san abin da yake nema, kuma marar lafiyar shi ma ba wawa ba ne, ya san abin da ya kawo shi.

To yaya zaman zango yake? Kada ku kawo asibitin yau a ranku, mai gadaje a jere da nas tana zagaye. Ƙauye ne sosai. Ɗakuna ne da gonaki, mai sauran ƙarfi ya yi noma, wani saƙa, wani ɗinki, wasu daga cikin marasa lafiyar a koya musu wankin gyambo da yin allura su zama ma'aikata. Maganin da ake da shi a lokacin wani mai ne da ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Indiya, ana ce masa chaulmoogra. Da allura ake tura shi cikin fata, a tsattsaga tabon da shi wuri-wuri, mako bayan mako, shekara bayan shekara. Yana da zafi ƙwarai, kuma amfaninsa kaɗan ne. Wasu sun samu sauƙi, amma ba wanda zai rantse cewa man ne ya yi, ko kuwa abinci mai kyau da hutu da wanke miki kullum.

Yanzu ka ɗauki manomi daga Paki ko Gubuci ko Likoro a shekarun 1940. A ce masa ya tafi Saye. Ba jinyar mako biyu ba ce. Zai bar gonarsa damina nawa, bai sani ba. Matarsa za ta jira ko iyayenta za su raba auren, bai sani ba. In ya dawo, wa zai ba ɗansa mata? Shi ya sa mutane da yawa ba sa zuwa sai ciwon ya gama bayyana, ba sauran abin ɓoyewa. Shi ya sa kuma da yawa daga waɗanda suka je ba su koma gida ba ko bayan an sallame su. Sun yi aure a can, sun samu gona, sun zauna cikin mutanen da ba mai kallon hannunsu. Unguwannin da ke kewaye da irin waɗannan asibitoci, a Saye da Yadakunya da Amanawa, haka suka samo asali.

Canji na farko ya zo ne da ƙwayar magani. A 1941 aka fara gwada wani sabon magani a asibitin kutare na Carville a Amurka, ta allura. Amma abin da ya sauya duniya a Nijeriya aka tabbatar da shi. A ƙarshen shekarun 1940, Dokta John Lowe a Uzuakoli ya nuna cewa ana iya haɗiyar dapsone, ƙwaya mai arha, in aka rage yawanta, kuma tana aiki. Wannan abin alfahari ne da ba a cika faɗa mana a makaranta ba. Daga farkon shekarun 1950 sai Dokta Charles Ross, wanda ke kula da aikin kuturta a Jihar Arewa, ya ce to tunda ƙwaya ce, me zai sa a raba mutum da gidansa? Aka bazu da asibitocin sha-ka-tafi a gundumomi, malamin kutare ya hau kekensa, ya je gindin bishiya ko rumfar dagaci a ranar da aka sa, ya kira suna, kowa ya haɗiyi rabonsa a gabansa ya koma gona. Dubun dubatar mutane suka fito, waɗanda da ba za su taɓa yarda su je zango ba.

Nan ne aikin Saye ya juya. Tunda magani ya je ƙauye, wa ya rage wa asibiti? Sai masu gyambon da ya ƙi warkewa, da waɗanda ciwon ya tayar wa jijiya suna kuka da zafi, da masu yatsun da suka lanƙwashe, da masu idon da ba ya rufuwa. Wato ya tashi daga wurin killace mutane, ya koma wurin doguwar jinya da gyaran gaɓoɓi. Kuma a nan nake son mu ɗan daɗe, don shi ne zuciyar maganar.

Yawancinmu mun tashi da tunanin cewa kuturta cin yatsu take yi, su ruɓe su faɗi. Wani likitan tiyata mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya tun daga ƙarshen shekarun 1940, shi ya yi ta bin diddigi har ya nuna ba haka ba ne. Jijiya ciwon ke kashewa, ta gwiwar hannu, ta wuyan hannu, ta bayan gwiwa, ta idon sawu. In jijiya ta mutu, mutum ya daina jin zafi. Sauran ɓarnar kuwa aikin yau da kullum ne ke yin ta.

Ku kawo abin gida ku gani. Ƙasarmu ƙasar rake ce, daga Makarfi har Kudan da Hunƙuyi. Mai lafiya in ya yini yana saran rake, ƙotar adda ta fara yi masa bororo, zai ji, ya canza riƙo ko ya naɗa tsumma. Wanda jijiyarsa ta mutu ba zai ji ba, zai ci gaba har bororon ya fashe, gobe ya sake ɗora adda a kan mikin. Mai dafa mazarƙwaila yana tsaye kan wuta da tafasasshen ruwan rake, ɗigo ɗaya ya faɗo wa mai lafiya zai yi tsalle, shi kuwa sai dai ya ga fata ta saɓule. Matar da ke tuƙa tuwo ta kama bakin tukunya da hannu. Mai lambun tumatir a Ikara ya taka ƙaya ko tsinken kara a fadama, ya yini da ita a tafin ƙafa, ya shiga ruwa ya fita, bai sani ba sai dare in ya ga jini a takalmi. Miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi, ƙashin ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, yatsa ya gajarce. Ba a dare ɗaya ba, a shekaru.

Kun ga ke nan maganin da ke kashe ƙwayar cutar ba ya dawo da jijiyar da ta riga ta mutu. Mutum zai warke sarai, ba ya ɗauke da cuta, ba ya sa wa kowa, amma hannunsa da ƙafarsa suna cikin haɗari har ƙarshen rayuwarsa. Aikin asibiti irin Saye a nan ba shi da wani armashi da za a sa a jarida. A koya wa mutum ya jiƙa ƙafarsa a ruwa kullum, ya kankare kanta, ya shafa mai, ya duba tafin ƙafa da ido tunda jiki ba zai gaya masa ba. A ɗinka masa takalmi mai taushin ciki da taurin ƙasa, wanda ba ƙusa a jikinsa. A naɗe masa ƙotar fartanya. A kwantar da mai gyambo makonni don kawai ƙafar ta huta, wanda shi ne abu mafi wuya ga talaka da damina. In yatsu sun lanƙwashe ko ƙafa tana ja, akwai tiyatar da ake ɗauko igiyar tsoka mai rai a juya ta ta yi aikin wadda ta shanye, sannan a bi da gashi da motsa gaɓa na watanni. In ƙafa ta lalace ƙwarai a yanke, a yi ta roba. Wannan duk aikin haƙuri ne, kuma aikin kuɗi ne.

A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan. Kusan a lokacin ne kuma dapsone ta fara gazawa, don an daɗe ana ba da ita ita kaɗai, wani ya sha yau ya bari gobe, har ƙwayar cutar ta saba da ita. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna uku: rifampicin, da dapsone, da clofazimine. Shi ma clofazimine ɗin a Uzuakoli aka fara gwada shi a kan kuturta, a farkon shekarun 1960. Wannan haɗin shi ake sha har yau, wata 6 ga mai ƙaramin ciwo, wata 12 ga mai babba, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duk duniya. Ku kwatanta da mutumin da ya sha allurar mai shekara goma.

Sai gadaje suka fara zama ba kowa. Kowane tsohon asibitin kutare ya shiga neman abin da zai zama. Babbar Ruga ta samu wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi a 1983, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai kula su, ya fara yi musu aiki, yau wurin cibiyar ƙasa ce ta wannan lalura. Haka Danja ta kusa da Maraɗi a Nijar, ba Danjar Katsina maƙwabciyarmu ba, ita ma asibitin kutare ce ta SIM tun shekarun 1950, a 2012 aka buɗe sashen yoyon fitsari a cikinta. Abin lura ne yadda ciwon da ake jin kunyarsa ke gadon ɗakin wani ciwon da ake jin kunyarsa.

Saye kuwa tari ta ɗauka. Na ce muku ƙwayoyin cutar biyu 'yan uwa ne, da irin na'ura ɗaya ake duba su, rifampicin yana cikin maganin kowanne, kuma dukansu suna bukatar ma'aikacin da zai bi mutum wata da watanni kada ya yar da magani. Gwamnatin tarayya ta kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, aka ƙaddamar da shi a 1991, Saye ta zama cibiyar horar da ma'aikatan shirin na ƙasa baki ɗaya, da tallafin wata ƙungiyar yaƙi da kuturta ta ƙasar Holan. Jami'in tari da kuturta da ke zaune a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a Ikara ne ko a Kalaba, akwai yiwuwar a Saye ya yi kwas. A can ne kuma ake da babban ɗakin gwajin tari na ƙasa, da ɗakunan kwantar da masu tarin da ya ƙi jin magani. Wurin da ake kai mutum a ɓoye, yau likitoci ke zuwa ɗaukar darasi.

A 1998 aka ce Nijeriya ta kai matakin kawar da kuturta. Wannan kalma ta kawarwa, wallahi ta yi mana illa. Abin da ake nufi da ita a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne masu shan magani sun gaza mutum 1 cikin kowane 10,000. Ba a ce ciwon ya ƙare ba. Amma da mai rabon kasafi ya ji an kawar, sai ya rufe fayil. Masu ba da tallafi suka karkata ga tari da ƙanjamau. Tsofaffin malaman kutare, waɗanda daga nesa za su hango tabo su gane, suka yi ritaya ɗaya bayan ɗaya. Yaro ya gama makarantar koyon aikin lafiya, ko ta Makarfi ce ko wata, ya kama aiki bai taɓa ganin sabon kamu da idonsa ba. Sai mace ta zo da tabo mai haske a baya ko a cinya, a ce makero ne ko ƙyasbi, a ba ta man shafawa. Alhali gwajin ba ya bukatar na'ura: a sa ta rufe ido, a taɓa tabon da bakin auduga, in ba ta ji ba, magana ta ƙare, a tura ta wurin jami'in kuturta. Har yanzu ana samun sababbin kamu wajen 2,000 ko fiye a Nijeriya duk shekara, cikinsu har da yara, kuma kamuwar yaro shaida ce cewa akwai babba a kusa da bai sha magani ba. Masu takalmi da masu gyambo kuwa, waɗanda suka warke tun shekara talatin, ba sa cikin lissafin kowa, don a takarda sun warke.

Sannan ga abin da ya faru a 2024. Daga farkon 2024 maganin kuturta ya yanke a ƙasar nan kusan shekara guda, ba don babu shi a duniya ba, ba don kuɗi ba tunda kyauta ne, sai don ya maƙale a batun takardu da ƙa'idar gwajin magungunan da ake shigowa da su. Sai a watan Maris na 2025 kaya suka iso. A wannan ciwon, jijiyar da ta fara lalacewa ana iya ceto ta in an kama ta cikin kamar wata 6, a haɗa da maganin kumburin jijiya. In ta wuce haka, da wuya ta dawo. Wanda aka gano ciwonsa a farkon waccan shekarar aka ce ya je gida ya jira, ya jira ninki biyu na wannan wa'adi.